Filin Jirgin Kano: Abin da Yake Shigo da Shi da Abin da Ya Kasa Fitarwa

Na tashi a wata unguwa ta arewacin birnin Kano, inda jiragen da ke shirin sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, da waɗanda suka tashi daga cikinsa, suke ratsawa ƙasa-ƙasa ta saman rufin gidajenmu, har manyanmu suka saba da katse magana a tsakiyar zance, su jira rugugin ya wuce, sannan su ɗora daga inda suka tsaya kamar babu abin da ya faru. A idonmu na yara, jirgi abin alhazai ne da masu hannu da shuni, kuma iyakar ribar da muka san yana kawowa ita ce dabino da bagaruwa da ruwan zamzam da ake raba mana idan maƙwabci ya dawo daga Makka. Sai da na fara zaman shagon kawuna a Kantin Kwari lokutan hutun makaranta na soma fahimtar cewa wannan fili da ke hana mu barcin rana yana da hannu a cikin tukunyar gidaje masu yawa waɗanda masu su ba su taɓa taka matakalar jirgi ba.

Abin da na lura da shi a Kwari shi ne, yawancin atamfa da shadda da yadin da ke jibge a shaguna a cikin kwantena suke biyo ruwa zuwa Legas ko Kwatano, daga can a ɗoro su a manyan motoci. Amma mutumin da ya je ya zaɓi zanen, ya zauna da masu masaƙa a Chaina ya yi ciniki, ya bayar da kafin alƙalami, ta filin jirgin nan ya fita, kuma ta nan ya dawo da samfuri a cikin jakarsa don ya nuna wa abokan cinikinsa kafin kwantenar ta iso bayan wata biyu ko uku. Kayan da ba su da nauyi amma suna da tsada, irin su wayoyin hannu da ake sayarwa a Farm Centre da titin Beirut, da turare, da gwala-gwalai, da abayoyi, da leshin da yayinsa ba ya jiran jirgin ruwa, su ne suke biyo cikin jirgin sama. Saboda haka duk wanda zai auna amfanin filin da nauyin kayan da aka sauke a cikinsa kaɗai, ya bar mafi girman lissafin a baya, domin kujera ɗaya da ɗan kasuwa ya zauna a kai tana iya zama silar kwantena goma da za su shigo ta wata hanya dabam.

Kano tana cikin garuruwan farko a Nijeriya da suka ga jirgin sama. A watan Nuwamba na 1925 wasu jiragen sojan saman Birtaniya guda uku suka taso daga Masar, suka biyo ta Khartum, suka sauka a wani fili da ake wasan dawaki a Kano, a zamanin Sarki Usman na biyu. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano, daga baya aka miƙa hanyar zuwa Legas. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, sai Ingilishi suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan har su kai Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya, kuma buƙatar yaƙin ita ce ta sa aka faɗaɗa filin Kano aka inganta titin saukarsa da na'urorinsa.

Bayan yaƙi ne filin ya yi tashensa. Jiragen wancan zamani masu farfela ba sa iya tasowa daga Turai su kai Kwango ko Afirka ta Kudu ba tare da sun sha mai a hanya ba, ga kuma Sahara shimfiɗe a tsakani, don haka Kano ta zama zangon farko da jirgi zai samu idan ya ƙetare hamada, kuma zango na ƙarshe kafin ya shige ta idan yana komawa. Jiragen BOAC na Birtaniya, da KLM na Holan, da Sabena na Beljiyam, duk suna yada zango a nan. Akwai tsofaffin hotuna na shekarun 1950 da ke nuna wani mutum a kan raƙumi yana busa kakaki a bakin filin don sanar da isowar jirgi, hoton da kullum yake tuna mini cewa garin bai yi wani sabon abu ba, sana'arsa ta tun fil azal ya ci gaba da yi. Ayarin da ke tasowa daga Tarabulus da Ghadames su biyo ta Agadas ma a Kano suke sauke kaya, kuma fatoma da dillali da mai abinci da baduku duk suna samun rabonsu daga baƙon da ya kwana. Baƙon jirgin ma haka yake: ana sayar wa jirginsa mai, ana dafa masa abinci, ma'aikatan jirgi suna kwana a otal, fasinjan da ya sauko miƙe ƙafa yana sayen jakar fata ko tabarma ya tafi da ita.

Wannan arziki kuwa aro ne daga gazawar injin jirgi, kuma da injin ya ƙara ƙarfi sai mai abu ya karɓi abinsa. Tun daga ƙarshen shekarun 1950, da jirage irin su Boeing 707 suka shigo, daga baya kuma 747, buƙatar tsayawa shan mai ta riƙa raguwa har ta ƙare. Legas ta janye harkar kamfanoni da ofisoshin jakadanci, Abuja ta buɗe nata filin a farkon shekarun 1980 kuma gwamnati ta tare a can a ƙarshen 1991, sannan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda ke jawo injiniyoyi da masu saye daga waje, suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Nigeria Airways ya durƙushe a 2003. KLM, wanda ya fara zuwa Kano tun 1947, ya tattara nasa ya nasa a 2012, bayan shekara 65. Na tuna yadda dattawan Kwari suka ɗauki labarin kamar rasuwar tsohon maƙwabci, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa shiga jirgin, domin alƙiblar kasuwancinsu ta riga ta koma gabas, zuwa Dubai da Jidda da Guangzhou.

Duk da haka, filin bai daina ciyar da mutane ba. Akwai ma'aikatan hukumar kula da filayen jiragen sama ta FAAN, da na kwastam, da na shige da fice, da masu binciken lafiya, da kamfanonin da ke loda kaya da sauke su, da masu tankokin man jirgi, da 'yan tasi, da masu fiton kaya da ke kai-komo da takardu a hannu. Akwai kuma wata hanyar samun kuɗi da ba a ganinta daga ƙasa. A taswirar da matuƙa jirgi ke aiki da ita, sararin samaniyar Nijeriya sunan Kano yake ɗauka, kuma ɗaya daga cikin manyan cibiyoyi biyu da ke lura da jiragen da ke ratsa sama a Kano take, ɗayar kuma a Legas. Jirgin da ya taso daga Turai zai tafi Afirka ta Kudu, ko da bai sauka ba, yana biyan hukumar NAMA mai kula da sararin samaniyar Nijeriya kuɗin ratse, kuma da kuɗin waje yake biya. Wato har yau hanyar nan ta tsallaka Sahara tana kawo wa ƙasa kuɗi, sai dai yanzu baƙon ba ya saukowa ya sayi komai a hannun baduku, kuɗin kai tsaye asusun tarayya yake wucewa.

Idan ana maganar abin da ya riƙe filin Kano bai mutu ba, dole a fara da aikin hajji. Kafin jirgin sama, maniyyaci yakan kama hanya ta Borno da Chadi da Sudan, tafiyar da kan ɗauki shekaru, yana tsayawa yana noma ko ƙodago don ya tara guzuri, kuma da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a Sudan a yau jikokin waɗanda suka tsaya a hanya ne. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano suka kafa kamfanin jigilar alhazai da aka fi sani da WAPA, suka fara da motoci, daga baya harka ta koma sama. Sunan wannan kamfani ne ya bi wurin da yake a Fagge, kuma da yake alhaji yana buƙatar riyal da dala kafin ya tashi, sai 'yan canji suka taru a wurin, har Wapa ta zama kasuwar canji mafi girma a arewacin Nijeriya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Wapa ya ga yadda ake lissafin miliyoyi a tsaye, da waya a kunne, ya ga wani reshe na filin jirgin da ya tsiro a tsakiyar gari.

Haka nan kamfanonin jiragen sama na 'yan Arewa, akasarinsu a kan jigilar alhazai suka tsaya da ƙafafunsu. Kabo Air, wanda marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a 1980, ya kai ga mallakar manyan jirage ƙirar Boeing 747, kuma Max Air da Azman Air da suka biyo baya su ma Kano ce cibiyarsu. Kowane irin wannan kamfani yana nufin matuƙa da injiniyoyi da ma'aikatan cikin jirgi da akantoci, wato irin ayyukan da ke buƙatar horo mai tsawo kuma suke riƙe gida da dangi. A 2023 kujeru 95,000 Saudiyya ta ware wa Nijeriya, kuma ga Umara da yanzu ta zama ta duk shekara, musamman goman ƙarshe na azumi, lokacin da samun kujera daga Kano zuwa Jidda ko Madina yake zama sai wanda ya shirya da wuri. Masu ofisoshin tafiye-tafiye, da teloli masu ɗinkin kayan alhazai, da masu jakunkuna, da masu abinci a bakin sansanin alhazai, duk da wannan lokaci suke lissafin shekararsu. Sai dai idan za a faɗi gaskiya a ma'aunin tattalin arziki, ba a ma'aunin lada ba, mafi yawan kuɗin hajji fita yake yi: masauki da abinci da motoci da tsaraba duk a can ake biyansu da kuɗin waje, abin da ke saura a gida shi ne ladan hidimar da aka yi wa matafiyi kafin ya tashi.

Ban taɓa ganin darajar filin a zahiri ba kamar lokacin da aka rufe shi. Da annobar korona ta zo a watan Maris na 2020 aka dakatar da jiragen ƙasashen waje a duk faɗin ƙasar. A watan Satumba na shekarar aka buɗe Legas da Abuja, amma Kano sai a watan Afrilu na 2021, wato wata bakwai ke nan ɗan kasuwar Arewa yana zagaye. Kawuna ya yi tafiya ɗaya a tsakanin, kuma na zauna da shi da ya dawo yana lissafi a bayan ambulan: kuɗin jirgin cikin gida zuwa Abuja, saboda a lokacin babu mai son bin hanyar Kaduna da kuɗin sari a jikinsa, kwanan otal saboda lokutan jiragen biyu ba su dace ba, sannan a dawowa, jakunkunan da babban jirgi ya ɗauko masa a cikin ƙa'ida suka zama kayan da suka wuce awo a ƙaramin jirgi, aka caje shi a kan kowane kilo. Da ya gama tarawa ya ɗago ya ce mini, “Ɗana, wannan duk a kan yadi zan raba shi, matar da za ta yi wa 'yarta kayan ɗaki ita za ta biya.” A nan na gane cewa idan fili ya tsaya, asarar ba ta tsayawa a kan masu fasfo.

Kuma ba Kanawa kaɗai abin ya taɓa ba. Filin Kano shi ne ƙofar Jigawa da Katsina da Bauchi da Yobe da wani yanki na Kaduna, har da ƙetaren iyaka, domin mutumin Damagaram ko Maraɗi ya fi kusa da Kano nesa ba kusa ba a kan Yamai, babban birnin ƙasarsa. Irin wannan baƙo idan ya zo hawa jirgi yakan kwana a Fagge ko Sabon Gari, ya yi canji a Wapa, ya leƙa asibiti, ya yi sari a Singa ko Kwari kafin ya koma. Duk ranar da aka ce masa jirginsa daga wani gari zai tashi, wannan cinikin gaba ɗaya ya bi shi can.

A nan ne nake so in tsaya a kan abin da ya fi damuna. Na sha zuwa rumfar kaya ta filin don taya wani ɗan'uwa karɓar saƙo, kuma abin da ido ke gani a kullum iri ɗaya ne: kwalaye da ƙunshe-ƙunshe naɗe da leda suna fitowa tuli-tuli, ana kiran sunayen masu su, amma ɓangaren da ake karɓar kayan da za su fita shiru yake, sai ɗan abin da ba a rasa ba, kamar buhunan garin kuka da kuɓewa da daddawa da ake aika wa 'yan'uwa mazauna Saudiyya. Kamfanin jirgi kuwa zuwa da dawowa yake lissafawa tare. Idan cikin jirginsa ya zo cike ya koma wayam, to kuɗin komawar ma a kan mai shigo da kaya da fasinja zai ɗora, kuma da zarar dala ta yi wuya, hanyar da ba ta da kayan fita ita ce farkon wadda zai soke. An ga misalin haka a 2023, lokacin da kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Nijeriya saboda ƙarancin dala suka haura dala miliyan 800, kamfanoni suka rage zirga-zirga suka ɓoye kujeru masu araha. Filin da ke shigo da kaya kawai, dala yake ci. Wanda ke fitar da kaya shi ne yake kawo ta.

Masu son kwatance sukan yi saurin ambaton Dubai, inda fasinjoji fiye da miliyan 92 suka bi ta babban filinta a 2024, kuma wani ƙiyasi na cibiyar Oxford Economics ya ce harkar jiragen sama, haɗe da abin da baƙi ke kashewa, ta samar da kashi 27 cikin 100 na tattalin arzikin masarautar a 2023. Ni ina ɗaukar irin waɗannan alƙaluma da taka-tsantsan, domin galibi masu filin da masu jiragen ne ke ɗaukar nauyin binciken, kuma ko ba haka ba, Dubai ta yi mana nisa a jari da tsari. Wanda ya fi dacewa mu duba shi ne filin Bole na Addis Ababa, babban birnin Habasha, wanda 'yan kasuwarmu suka sani kamar tafin hannunsu, saboda a nan suke sauya jirgi idan za su Guangzhou ko Mumbai.

Habasha ba ta da gaɓar teku, ba ta da man fetur na a zo a gani, kuma talaucinta ba ɓoyayye ba ne. Amma kamfanin Ethiopian Airlines, wanda aka kafa a ƙarshen 1945 ya fara tashi a 1946, ya ɗauki fasinjoji fiye da miliyan 17 a shekarar kuɗi da ta ƙare a tsakiyar 2024, ya samu kuɗin shiga wajen dala biliyan 7, abin da ya sa ya zama cikin manyan hanyoyin da ƙasar ke samun kuɗin waje. A farkon 2019 aka buɗe faɗaɗɗen ginin filin da zai iya ɗaukar fasinja miliyan 22 a shekara, kuma tuni suka shiga shirin gina wani sabo mafi girma a kusa da Bishoftu. Wato zangon da Kano ta rasa saboda jirage sun daina buƙatar shan mai, su sun gina nasu ta wata hanya, ta tattaro fasinjoji daga garuruwan Afirka da dama a haɗa su a wuri guda a rarraba su zuwa duniya, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da kamfanin gida mai ƙarfi da aka bar ƙwararru suka tafiyar da shi ko da gwamnatoci suna sauyawa.

Abin da ya fi burge ni a Bole yana can bayan ginin fasinja, a ɗakunan sanyi na sashen kaya. Furannin da ake nomawa a Ziway da Holeta ana yanke su da safe, a sa su a motoci masu sanyi, da dare su hau jirgi zuwa Liège ta Beljiyam, daga can su wuce kasuwar furanni ta Holan, kuma wannan sana'a da ba ta kai shekara 30 da kafuwa sosai ba tana kawo wa ƙasar ɗaruruwan miliyoyin dala a shekara, tana kuma ɗaukar dubban mata aiki a karkara. Kenya ma haka take yi da furannin Naivasha ta filin Jomo Kenyatta na Nairobi. Wanda ya fi kama da namu shi ne naman awaki da tumaki da ake yankawa a mayankan zamani na garin Modjo, a sanyaya shi, a kai shi Dubai da Saudiyya ta jirgi. Duk lokacin da na tuna da wannan sai in tuna da kasuwannin dabbobi na Wudil da Ɗambatta da Maigatari, da tireloli cike da shanu a tsaye suna kwana biyu ko uku a hanyar Kudu, dabba tana ramewa, wata tana mutuwa kafin a isa.

Ba kayan fitarwa muka rasa ba. Riɗi da zoɓo da citta da ƙaro da ake tarawa a Dawanau kayan jirgin ruwa ne, ba su da gaggawa, kuma tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a farkon 2023 domin irinsu aka yi ta. Amma akwai waɗanda jirgin sama ne kaɗai zai kai su da darajarsu: nama mai sanyi, da kilishi, da kayan lambun da ake nomawa da ruwan Tiga a Kadawa da Kura, da fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi wadda masu yin takalma da jakunkuna a Italiya da Sifen suka daɗe da sanin ingancinta. Abin da ya tsaya a tsakanin gonar da cikin jirgin shi ne ɗakin sanyin da wuta ba ta ɗaukewa, da ɗakin gwajin da ƙasashen da za su saya suka amince da takardarsa, da mayanka mai tsafta, da kuma rage yawan tebura da hannayen da kwali ɗaya zai bi kafin a ɗora shi. Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya tun 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma wannan ya isa ya nuna cewa matsalar tana farawa ne tun daga rumbu, tun kafin kaya su ga ƙofar filin jirgi.

Gwamnatoci kuwa gini suka fi so, saboda gini ake yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. Sabon ginin fasinjojin ƙasashen waje na Kano yana cikin guda huɗu da aka yi da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Chaina, tare da na Abuja da Legas da Fatakwal, kuma ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, ya fi tsohon sarari da haske da mutunta matafiyi. Amma rance da dala ake biyansa, kuma ginin ba zai samar da dalar ba sai jirage sun yawaita. A gefe guda kuma jihohi da dama sun gina nasu filayen, Dutse da Birnin Kebbi da Bauchi da Gombe da sauransu, waɗanda da yawansu sai lokacin hajji suke ganin babban jirgi. Na fahimci sauƙin da hakan ya kawo wa tsohon da a da sai ya kwana a sansani a wani gari, amma ta fuskar kasuwanci an raba ɗan cinikin da ya kamata ya taru a wuri guda har ya isa ya jawo manyan kamfanoni, sannan kowace jiha ta ɗauki nauyin albashi da gyaran filin da ba ya mayar da kuɗinsa.

Akwai alamun motsi da bai kamata a raina ba. Ethiopian da EgyptAir da Saudia suna zuwa, Qatar Airways ya fara sauka a Kano a 2022, ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ta fara aiki a takarda tun farkon 2021. Sai dai har yanzu mutumin da ke son zuwa Njamena ko Yamai daga Kano ta sama, garuruwan da kakanninsa ke zuwa da jakuna, sau da yawa sai ya zagaya ta wani birni mai nisa ya kwana a hanya, don haka yakan haƙura ya hau mota.

Akwai wani abokina baduku a cikin birni da ke ɗinka jakunkuna da takalman fata masu kyau, kuma ta Instagram ya samu wata mai shago a Jidda da ke son kayansa. Ya je ya tambayi yadda zai aika kwali biyu a matsayin kayan ciniki, aka lissafa masa takardu da kuɗaɗen da sai ya biya kafin a ɗora, ya ga sun cinye ribar har sun taɓa uwar kuɗi. Yanzu abin da yake yi shi ne ya riƙa sauraron wanda zai tafi Umara a unguwa. Watan jiya na raka shi filin da daddare, muka tsaya a wajen shinge har wata gwaggonsa ta iso, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, “Hajiya, ga ɗan saƙon nan, guda shida ne kawai.” Ta buɗe akwatinta a kan kwalta, ta fitar da zani biyu ta miƙa wa jikarta ta mayar gida don kada awo ya wuce, sannan ta jera jakunkunan a ƙarƙashin hijabanta ta ja zif.